Shekarar da Na Kai Fitilun Maulidi Bakin Kogi

Na san abin da ake gaya muku game da yadda aikin fitilun Maulidi ya bar hannuna. Wasu sun ce faɗa muka yi da Alhaji Sule, wasu sun ce tsufa ne ya hana ni hawa tsani. Ke kuwa Rabi, da kunnena na ji kina gaya wa mijinki wai taurin kaina ne ya jawo. Taurin kai kam ina da shi, ban musa ba, kuma ke kika kwashe shi kaf. Amma ba shi ya raba ni da titin unguwarmu ba. Bari in faɗa muku yadda aka yi tun ina da bakin faɗa, don in na tafi babu mai gyara muku zancen.

Kun tashi kun tarar duk Wudil ana ce mini Idi mai wuta. Gyaran fanka da jan waya a sababbin gidaje shi ke ciyar da mu, amma abin da ya sa aka san ni shi ne ado na Maulidi. Da watan ya kama, kwamitin unguwa zai aiko a kira ni, shugabansu kuwa Alhaji Sule ne, abokina tun muna makarantar allo. Mutane suna zaton aikin bai wuce rataya ƙwan fitila a jikin itace ba. Ina! Tun ana sauran kwanaki nake fita bayan sallar asuba, hannuna a baya, ina bin titin ina kallon sama kamar wanda tantabararsa ta ɓata. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, don haka farkon abin da nake nema shi ne mazaunin inji: kar ya matso jama'a hayaƙi ya dame su, kar kuma ya yi nisa, don waya in ta yi tsawo tana cinye wutar a hanya, sai ka ga ƙwayayen farko suna haske tar, na ƙarshe suna lumshe ido. Daga inji sai in ja waya mai kauri, ita ce uwa, sannan in raba titin reshe-reshe, kowane reshe da fiyus ɗinsa, yadda in ɗaya ya ƙone sauran ba za su bi shi ba. Duk inda waya biyu suka haɗu sai na naɗe wurin da salatif na ɗaga shi sama, na ɗan saki wayar ta yi ciki a ƙasansa, saboda ruwan sama ya ɗige kafin ya kai mahaɗin. Kuma ban taɓa cika wa inji kaya har wuya ba, don na san masu bege za su zo da lasifikarsu, mai shayi zai zo yana 'yar murya a ba shi ƙwai ɗaya, mai tsire ma haka.

Ranar kuwa, bayan an sallame magariba, zan tsaya gefen inji in bar titi ya cika. Sai na ga yara sun fara gajiya da jira sannan in ɗaga makunni. Wannan ihun da suke yi lokaci guda, da wuta ta bi titi daga bakin masallaci har kwanar masu kifi, ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Shekara guda nake yi ina jiran sa, kuma ina son sa fiye da yadda ya kamata babban mutum ya so abu.

Shekarar da nake ba ku labari Maulidi ya faɗo tsakiyar damina, kogi ya cika ya batse. Kai Usman kana Kano wajen aiki, Rabi kuma ba ta daɗe da tarewa ba, gidan daga ni sai Innarku. A lokacin idonta ya yi nisa. Hawan jinin ido aka ce, kuma likitan da muka gani a Kano ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma ba lalle ya kai baɗi ba. Ya yi ƙasa da murya don kar ta ji, bai san Hajara ba, matar da take jin motsin kyanwa daga zaure. A mota muna dawowa ta ce mini duniya ta koma mata kamar mai leƙe ta bakin tulu, kullum kuma bakin ƙara tsukewa yake. Ba ta yi kuka ba, sai ma ta tambaye ni ko na tuna na sayo daddawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haske ya zama abokin gabarta. Ƙwan fitila in ta kalle shi sai ya fashe mata, ya zama farin hayaƙi mai suka. Maulidin da ya gabata na riƙo hannunta na kai ta titi, ta tsaya cikin mata tana kare fuska da mayafi, hawaye na zuba saboda zafin hasken. Da muka dawo ta yi ta yaba aikin, har ta ce koren da na sa a ƙofar masallaci ya fi komai kyau. Ni kuwa a shekarar ko ƙwai ɗaya kore ban sa a ƙofar masallaci ba, fari ne zalla. Daga ranar na gane Innarku za ta iya yi mini ƙarya don ta faranta mini, kuma za ta yi ta da fuska a sake.

To, ana sauran 'yan makonni Maulidin wannan shekara, na baje igiyoyin fitilu a tsakar gida ina gwada su, na rataya wasu a igiyar shanya. Magariba ta wuce kaɗan. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, ta gama ɗauraye kwanuka, bahon ruwa na gabanta. Na kai hannu zan kashe sai na ji muryarta.

"Malam, tsaya tukuna. Kar ka kashe."

Na waiwaya, na ga ba fitilun take kallo ba, kanta a sunkuye yake cikin baho.

"Ga ja," in ji ta. "Ga shuɗi yana bin sa a baya. A cikin ruwa ba sa suka ta, Malam. Sun yi sanyi."

Ja ne kuwa, shuɗi na biye da shi. Na tsuguna kusa da ita muka yi ta kallon baho kamar yara. Nan ta shiga ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Kun san 'yar masunta ce, a bakin kogi aka haife ta. Ta ce tana ƙarama takan zauna a kan tudu da yamma tana jiran mahaifinta, ba ta gane kwalekwalensa da komai sai da fitilar aci-bal-bal da yake ɗaurawa a goshin jirgin. Ta ce ba fitilar take fara gani ba, jelarta take gani a cikin ruwa, doguwa, tana rawa, tana isowa gaɓa tun kafin jirgin ya iso. Sannan ta zubar da ruwan bahon a makwarara ta shige ɗaki. Ba ta roƙe ni komai ba, ba halinta ba ne. Ni ne dai tun daga ranar in na rufe ido sai in ga kogin Wudil shimfiɗe da fitilu.

Na sami Alhaji Sule a ƙofar gidansa na ce ina son bana a ja reshe ɗaya daga titi zuwa bakin kogi saboda Innarku. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko na manta yara bin haske suke yi, kogi kuma a cike yake. Ya tambaye ni wane mai hankali ne zai ja wutar inji zuwa bakin ruwa a damina. Na hasala, na faɗi maganganu, amma ko a lokacin na san gaskiyarsa. Da wani ne ya zo mini da wannan shawara da na kore shi.

Na kwana biyu ina juya abin, sai na ga ashe maganarsa ce ta nuna mini hanya. In yara bin haske suke yi, to yamma ɗaya ce tak a shekara da babu yaron da zai leƙa bakin kogi, yammar da titi ya kwashe su duka. A wannan yammar ce kuma masunta ba sa fita, jirage duk suna ɗaure. Ke nan ranar da zan iya haska kogi ba tare da na jefa ɗan kowa cikin haɗari ba ita ce ranar da ake bukata ta a gefen inji. Ba zan rabu biyu ba. Na koma wurin Alhaji Sule na ce zan tsara musu titi kaf, in nuna inda kowace waya za ta bi, amma wani ne zai ɗaura, wani ne zai kunna.

Akwai wani Bala da ya dawo daga Kano da sababbin kayan aiki, ya daɗe yana zawarcin kwamiti, rabinsu kuma sun karkata gare shi, Alhaji Sule ne kawai ya tare ƙofa.

"Idi," ya ce, "in ka miƙa wa Bala bana, ka miƙa ke nan. Ba ni da bakin da zan karɓo maka baɗi. Ka ji ni da kyau?"

"Na ji," na ce.

"Kuma ba ka da tabbas Hajara za ta gani."

Wannan ita ce maganar da ta soke ni, don ita nake gaya wa kaina kullum. Baho yana gabanta ne, kamu ɗaya. Kogi kuwa faɗi gare shi, idon kuma kullum raguwa yake. Na ce masa ba ni da tabbas, na tashi. Washegari na zagaya da Bala titin, na nuna masa mazaunin inji da rassan, na ja masa kunne a kan mahaɗan waya har ya fara ƙosawa. Ina tafe ina ji kamar na kai saniyata kara.

Aikin kogi kuwa wani abu ne da ban taɓa yin irinsa ba. Inji dai babu shi a lissafi, wutar da za ta hau ruwa dole ta zama wadda ko mutum ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu ba abin da zai same shi. Sai na tuna Mista Bitrus, wani mutumin Filato da ke aiki a jami'a, wanda duk Kirsimeti nake zuwa in yi masa ado a bishiyar ƙofar gidansa. Yana da igiyoyin fitilu masu aiki da batir. Da na gaya masa dalili bai bari na ƙarasa ba, ya shiga ya kwaso su duka a kwali, matarsa ta bi maƙwabtansu ta haɗo wasu. Batura kuma na aro na manyan motoci wurin mai caji a tasha. Jirage sai kawunku Ɗanlami, ƙanin Innarku, wanda tun da na auri yayarsa bai taɓa gani na ya ƙyale ni ba. Ya ce shi dai ya san wuta da ruwa ba sa zama jirgi ɗaya, amma tunda mijin yaya ya haukace gara a bi shi a hankali. Ya tattaro jiragen abokansa, muka shirya za a jera su a ɗan lungun da ruwa ba ya gudu, ƙasa da gada, a ɗaure kowanne da turke.

Kowane jirgi na ba shi batirinsa, a cikin bokitin roba, a kan katako, da ɗan fiyus a bakinsa. Na lanƙwasa gora daga goshi zuwa gindi na bi ta da fitilu. Amma babban aikin shi ne ɓoye su. Tunda ƙwan da kansa shi ke sukar idonta, dole kar ta gan shi, inuwarsa kawai za ta gani a ruwa. Na tara gwangwanayen madara da na tumatir na yanke su, na yi wa fitilun rumfa ta ɓangaren gaɓa, hasken ya zuba ƙasa. Duk rayuwata ina ɗaga fitila don a gan ta daga nesa, ga ni yau zaune a zaure ina yi mata lulluɓi, yatsuna duk yankan gwangwani. Innarku tana jin ƙarar almakashi ba ta tambaya ba. Ba ta ma bukatar tambaya, don Ɗanlami bakinsa ba ya riƙe ruwa. Ya zo ya zauna ya zayyana mata komai, jirgi kaza ja, mai bi masa kore, na tsakiya ruwan ɗorawa. Da na ji, kamar in shaƙe shi. Yanzu ko ba ta ga komai ba tana da abin da za ta faɗa mini.

Ranar Maulidi bayan la'asar, mun gama ɗaure komai, sai ga wani tsoho masunci ya turo jirginsa, ya ce shi ma a sa da shi, mahaifin Hajara ne ya koya masa jefa birgi, ragar kamun kifi. Ba a mayar da irin wannan. Fitilu sun rage, amma batir ya ƙare, waya mai kauri ma ta ƙare. Sai na ɗaure jirginsa can ƙarshen layi, na jawo masa wuta daga na kusa da shi da wata siririyar waya doguwa da ta rage a jakata. Na san ba za ta kai wutar yadda ya kamata ba, amma rana ta yi ƙasa, ban tsaya yi wa kowa bayani ba, na hau gaɓa na tafi ɗauko Innarku.

Na shimfiɗa mata tabarma a kan tudu, na yi sallar magariba a gefenta. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi, kwaɗi sun fara, manyan motoci na wucewa a kan gada jefi-jefi. Bakin kogi babu kowa sai mu da masu jirage. Sai can ta bayanmu sama ta yi fari, kuma iska ta kawo mini ihun yaran nan, siriri, daga nesa. Bala ya kunna. Ba zan ɓoye muku ba, na ji zafi har cikin ƙashina, na ji kishi irin wanda ban san ina da shi ba. Innarku ta juya kai wajen ihun, ta gane abin da ya faru, ta laluba ta dafa gwiwata.

Na ɗaga hula na yi wa Ɗanlami alama. Suka shiga maƙala wayoyi a kan batura, jirgi bayan jirgi. Daga inda muke ba ka ganin ƙwai ko ɗaya, jiragen ma duhu ne. Ruwan ne kawai ya kama. Ja ya sauka ya miƙe, kore ya bi shi, kowanne da doguwar jela tana tahowa wajenmu tana karyewa tana haɗewa. In iska ta taɓa ruwan sai launukan su shiga juna, in ta lafa su rabu. Muryar masu bege ta biyo ta kan rufin gari ta sauko kan kogin a hankali. Ni kaina da na ɗaura wayoyin sai na ji kamar ba aikin hannuna ba ne, kamar dama can fitilun suna ƙarƙashin ruwa, yau ne suka taso.

Amma ba kogin nake kallo ba sosai, fuskarta nake kallo. Ta zame mayafi baya, idonta a buɗe, babu hawaye. Can ta ce ja ya yi kyau, kore ma ya yi kyau, ga ruwan ɗorawa a tsakiya. Daidai yadda Ɗanlami ya jera mata, kuma da irin muryar da ta yabi ƙofar masallaci. Na ce a raina shi ke nan, Idi, ka ba da titi ka sayi ƙarya mai daɗi. Na sunkuyar da kai ina tsinkar ciyawa.

Mun jima a haka. Sai na ji ta matsa gaba, ta miƙa hannu wajen gabas.

"Malam, su kuma na can ƙarshe me ya same su?"

Na ce wane ƙarshe.

"Can, bayan koren. Akwai wasu da suka dushe, kamar ba su ƙoshi ba. Kai da kake cika baki a kan aikinka, ka bar na ƙarshe da yunwa?"

Na duba. Jirgin tsohon nan ne, jelarsa gajeriya, ja-ja, da ƙyar take motsi a ruwa. Babu wanda ya gaya mata akwai shi. Ɗanlami bai koma gida ba tun da aka ɗaura shi, ni kuma ban buɗe baki ba. Na juya zan yi mata bayanin siririyar waya. Sai dariya ta zo mini tare da kuka, ni da furfurata, a gaban masunta. Ita kuwa ta ci gaba da kallon ruwa, tana cewa in yi shiru ina hana ta ji bege. Muka zauna har aka kira isha, sannan ta ce a kashe haka nan kar a cinye wa mutane batir.

Kafin damina ta zagayo bakin tulun ya rufe gaba ɗaya, kamar yadda likita ya faɗa. Titi kuma yana hannun Bala har yau, kuma ya iya, ko da yake har gobe in na bi ta ƙarƙashin mahaɗansa sai na ɗaga kai na yi tsaki. Ni da Alhaji Sule ba mu taɓa ɓatawa ba, shi ya yi mini rakiya ranar da muka kai Innarku makwancinta. Ihun yaran nan kuwa ban daina kewarsa ba, duk shekara daga zaure nake jin sa, kuma duk shekara sai ya taɓa ni.

Shekarun da ta yi a cikin duhu, in Maulidi ya zo aka kunna titi, takan juyo inda take jin numfashina ta ce, Malam, ka dai gyara na ƙarshen nan ko? In ce mata ban gyara ba. Ta ce to bar su, a haka take ganin su.

Usman, siririyar wayar nan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, wadda ka ce tarkace ce za ka ba masu gwangwan, ita ce. Ka bar ta inda take.